Katin da Ban Mayar Ba

Laraba, 10 ga Yuli

Kotoha ta ce za ta je. Ba da baki ba, a takarda ta rubuta, ta ɗora a kan tiren abincin da nake ajiye mata a bakin ƙofa. Wata takwas ke nan 'yata ba ta taka makaranta ba, ɗakinta ma sai banɗaki ke fito da ita, amma ta yarda za ta shiga jirgin ruwa saboda kakarta. Inna za ta cika saba'in da bakwai ranar tara ga Agusta. Ta ce ita ba ta son walimar otal, teku take so ta gani tare da jikokinta biyu kafin ƙafa ta ƙi.

Sharaɗi biyu Kotoha ta rubuta. Na ɗaya: ɗaki mai baranda, ita da ƙanwarta Suzune. Na biyu ta ja masa layi har takardar ta huje: kada in riƙe makullin ɗakin.

Na san inda na biyun ya samo asali. A watan Fabrairu ta kulle kanta kwana biyu ba ta amsa kowa, na sa babansu Noboru ya kwance makullin ƙofarta da sukudireba. Tun ranar ba ta sake yi min magana da baki ba.

Baranda, a kan teku, yarinya mai shekara goma sha shida da ban san abin da ke ranta ba. Sau uku na karanta kalmar.

Asabar, 20 ga Yuli

Na je ofishin masu shirya tafiya. Ashe dokar jirgin ba ta yarda a rubuta yara su kaɗai a ɗaki ba, dole a haɗa kowace da babba. Saboda haka a takarda ni da Kotoha ne a 9214, Inna da Suzune a 9216. Matar ta ce kowa haka yake yi, in an shiga jirgi sai a yi musanya, a je tebur a gyara katunan. Katin mutum shi ne makullinsa, da shi yake sauka, da shi yake hawa.

Ma'ana katina zai buɗe ɗakin Kotoha har sai na ce a kashe shi.

Noboru ba zai samu hutu ba, kamar kullum. Ya ce, "Ki yi abin da kika ga ya dace." Shekara ashirin yana ba ni wannan amsar.

Na rubuta wa Kotoha: zan sa a kashe nawa a ranar farko, na yi alkawari. Tire ya dawo, an cinye har da kabewar da ba ta so.

Lahadi, 4 ga Agusta

Tashar jirgin ruwa ta Yokohama. Zafi kamar a bakin murhu. Kotoha ta fito da hula da takunkumi, ta riƙe hannun Inna tun daga mota har cikin jirgi, ba ta ɗaga kai ba. Ta rame. A hasken rana na fi gani.

Na je teburin karɓar baƙi ni kaɗai. Ma'aikaciyar ta ba ni sabon kati na ɗakin Inna, ta ba ni wani na Suzune, sannan ta ɗaga nawa ta ce, "Wannan fa, a cire shi daga 9214 ko a bar shi?"

Na buɗe baki zan ce a cire. Abin da ya fito shi ne, "A bar shi."

Da na koma Suzune ta tare ni a ƙofa. "Yaya ta ce in tambaye ki, an kashe?" Na ce an kashe. Ta juya ta ce, "Yaya, an kashe!" Na jiyo ƙarar ƙofar baranda tana buɗewa, iska ta taho har inda nake tsaye.

Ba zan yi amfani da shi ba. Riƙewa kawai.

Litinin, 5 ga Agusta

Bango ɗaya ne tsakaninmu. Inna ta kama ni na kafa kunne a jikinsa, ta ce, "Shinobu, in likita kika zama ki zo ki auna ni, ni ce tsohuwa."

Talata, 6 ga Agusta

Jirgi ya tsaya a Kochi. Kotoha ta sauka! Inna ce ta buga bango da sandarta ta ce wa zai riƙe ta a matakala, ita ba ta yarda da 'yarta ba, gaggawa gare ta. Sai ga Kotoha da fararen takalmanta na yadi.

Mun ci kifin da ake babbakawa da kara a kasuwa. Ta sauke takunkumi ta ci yanka huɗu, na ƙirga, na yi kamar hankalina na kan wani abu. A hanyar dawowa ruwan sama ya tsuge, muka jiƙe jagab, Inna tana zagin lemar da Suzune ta manta a jirgi. Kotoha ta yi dariya. Gajeriya ce, amma na ji ta da kunnena.

Yau ban taɓa katin ba sai sau biyu, in tabbatar yana cikin jaka.

Laraba, 7 ga Agusta

Ban san ta inda zan fara ba.

Yau ba tsayawa, teku kawai. Bayan abincin rana Inna ta kwanta, Suzune ta tafi wurin iyo. Wajen ƙarfe uku na ɗauko wa Kotoha kankana, na ƙwanƙwasa. Shiru. Na sake. Na kira sunanta. Ko da ba ta magana, kullum takan buga wani abu sau ɗaya in san tana ciki, haka muke yi tun Fabrairu. Yau babu.

Na tsaya ina lallashin kaina, wai barci take. Ban kai minti biyu ba na zaro katin. Fitila ta yi kore.

Ba kowa. Gado a gyare. Ƙofar baranda a buɗe kaɗan, labule yana kaɗawa. Ga fararen takalmanta can a gindin ƙarfen baranda, a jere daidai, kawunansu suna kallon teku.

Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san abin da ake nufi da takalma a jere a bakin gada ko a kan bene: mai su ya faɗa, ya kashe kansa. Ban yi tunani ba. Farantin ya faɗi, na ji wata mata tana ihu, ashe ni ce. Na ɗauki wayar ɗaki, ban san me na faɗa ba. Nan da nan ma'aikata uku suka cika ɗakin, ɗaya yana magana a rediyonsa, ɗaya yana leƙa ƙasa. Sai lasifika ta ɗauka a duk jirgin: Kuramochi Kotoha, ɗaki 9214, ta nuna kanta ga ma'aikaci mafi kusa. Sau uku, da yarenmu da na Turawa.

Bayan minti goma suka kawo ta, ma'aikaciya a kowane gefe, mutane sun fito ƙofofinsu suna kallo. Silifan Suzune ne a ƙafarta. A hannunta wani ɗan fure na yadi, launin shunayya, an naɗe rabi, allura na maƙale a jiki.

Ajin ɗinki ta je, a hawa na biyar. Ita kaɗai. Ta karanta a takardar jirgi, ta sauka da ƙafarta, ta zauna cikin mata ashirin da ba ta sani ba don ta yi wa kakarta abin maƙalawa a riga. Rabonta da shiga cikin mutane ita kaɗai wata tara. Da aka kira sunan, malamar ta duba takardarta, duk ajin suka juyo.

Na nufe ta zan rungume ta, ta ja da baya. Ta dubi takalman, ta dube ni, ta dubi abin da ke hannuna.

"Ta yaya kika shigo?"

Wata shida ina jiran in ji muryarta tana yi min magana.

Alhamis, 8 ga Agusta

Kagoshima. Ba wanda ya sauka a cikinmu. Kotoha ba ta ci komai ba sai biskit ɗin da Suzune ta shigar mata.

Inna ba ta raga min ba. "Jiƙaƙƙen takalmi a ina ake shanya shi, a kan gado? Ni na koya miki jera takalmi, ke kika koya mata. Yarinya ta yi abin da aka koya mata, kin tara mata jirgi guda." Na ce Inna, da ke ce kika gani fa? Ta ce, "Da na yi ihun da ya fi naki. Ba a kan ihun nake miki faɗa ba."

Suzune ta same ni a wurin shayi, idonta ya yi ja. Shekararta goma sha huɗu, ni na mayar da ita 'yar aike tsakanina da yayarta. Ta ce, "Mama, ta yarda da ke fa. Ranar farko cewa ta yi, wannan karon da gaske take. Kuma da bakina na faɗa mata an kashe."

Har yanzu in na rufe ido takalman nake gani. Tsoron bai tafi ba. Kunya ce kawai ta zo ta zauna a kansa.

Juma'a, 9 ga Agusta

Da safe na koma tebur. Ma'aikaciyar nan ce dai, ta yi kamar ba ta gane ni ba, na gode mata a raina. Na ce a cire. Bai ɗauke ta daƙiƙa biyar ba.

Na ba Suzune katin, na ce ta gwada shi a gaban yayarta. Ta dawo ta ce ja ya nuna. Na ce me ta ce? "Cewa ta yi, to sai me."

Walimar Inna da yamma. Sun sa mata 'yar shara da hula masu launin shunayya kamar yadda ake yi wa mai saba'in da bakwai, ma'aikata suka zo suna tafi. Kujera huɗu, mutum uku. Inna ta yi murmushi a hoto, ta hura kyandir, sai ta ce a yanka mata kek biyu a faranti. Ta miƙe da sandarta, da hularta, ta ce in riƙe farantin in biyo ta.

A ƙofar 9214 ta buga da kan sanda. "Ke Kotoha, tsohuwa ce, ba ta da kati, ba ta da ƙafa. Za ki buɗe ko in zauna a ƙasa a kasa ɗaga ni?"

Aka buɗe. Inna ta karɓi farantin daga hannuna, Suzune ta bi ta, ƙofa ta rufe. Na tsaya a waje. Wani mai gyaran ɗaki ya wuce ya tambaya ko na manta katina ne, zai iya buɗe min. Na ce a'a, na gode, ba ɗakina ba ne.

Inna ta fito da furen a ƙirjinta, rabi, zare yana lilo. Ta ce haka take son shi.

Lahadi, 11 ga Agusta

Mun dawo. A mota ba ta cire hula ba. Ta hau sama, ta rufe ƙofar da ba ta kulluwa. Noboru ya ce yaya teku? Na ce da faɗi.

Laraba, 21 ga Agusta

Tire yana dawowa ba takarda. Kwana goma.

Asabar, 24 ga Agusta

Ina neman batir a durowar Noboru na ci karo da makullin ƙofar Kotoha, cikin leda, da sukurorinsa huɗu da 'ya'yansa biyu. Na daɗe ina juya shi.

Na hau na ƙwanƙwasa, na ce zan yi aiki a ƙofar, in ba ta so ta buga sau biyu. Ba ta buga ba. Ban iya sukudireba ba, na fasa farce, ya zauna a karkace, amma yana kamawa. Duk lokacin tana zaune a gado ta ba ni baya.

'Ya'yan makullin na ɗora su a tiren abincin rana. Na ɗauke ɗaya na sa a aljihu. Na sauka matakala uku, na dawo na mayar.

Wajen ƙarfe ɗaya na ji ƙas, ta kulle ƙofa. Na zauna a matakala.

Talata, 3 ga Satumba

An wuni ana ruwa. Na dawo daga cefane da ƙarfe biyu, fararen takalman ba sa bakin ƙofa. Lema ɗaya ma babu.

Na ɗauki waya, na ajiye. Na wanke shinkafa har sau biyar. Na goge firij ɗin da na goge jiya. Noboru ban kira shi ba, me zai ce.

Huɗu da kwata ta shigo. Ban fito daga kicin ba. Na ga wucewarta da 'yar ledar shagon kayan ɗinki, wani yadi launin shunayya yana leƙowa. Sama, ƙas.

Da ruwa ya tsagaita na hau barandar bene kwaso shanya. Takalman suna can, a gindin ƙarfe, a jere daidai, suna ɗiga.

Na tsaya ina kallon su. Sannan na sauka na ɗauko tsohuwar jarida, na cusa musu a ciki don su sha ruwan, na mayar da su yadda ta jera su.