Tirelar Obi Ta Kai Ni Abuja

Zuwa ga aminina Obinna, ɗan Sabon Garin Kaura,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Mama da ƙannenka. Ya Abuja, ya aiki? Na kira lambarka har na gaji, an ce ka canza layi. Shi ya sa na rubuto a nan intanet inda kowa ke gani, ko Allah zai sa wani ya isar maka.

Obi, gyara zama. Na haye! Wallahi na haye! Gasar wasan katin nan na waya da ka koya mini, sunana ya fito cikin waɗanda za su je Abuja buga zagayen ƙarshe ido da ido. Ni dai Nasiru, direban Kaura zuwa Shinkafi, wanda kake cewa yatsunsa sitiyari kaɗai sunka iya.

Ka tuna farkon abin? Fanbel ɗin mota na zo saye shagon babanka, na iske ka duƙe kan waya ko sallamata ba ka amsa ba. Ka nuna mini yadda kowa ke haɗa bandir ɗinsa na kati talatin, da yadda kowane kati ke cin ƙarfi kafin ya sauka fili. Ƙarfin nan munka raɗa masa suna mai, kamar na mota. Ranar sai da yamma na tuna da fanbel.

Kai mutumin manyan kati ne. Ba ka da abin so irin dodon nan mai fukafukai da munka sa wa Tirela, don sai ta sha mai ta ƙoshi kafin ta motsa. Kullum in na fara murnar na kusa cinye ka, sai ka ce, "Nasiru, bari Tirela ta yi zafi tukuna." Kuma ta yi zafin, ta bi ta kaina.

Da hanya ta lalace ciniki ya tsaya, Baba ya rufe shago kunka tahi, sai na rasa mai koya mini. Na koma kwafar bandir ɗin zakarun duniya da nake gani a bidiyo. Kai, na sha kashi! Su katinsu sai ka danna wannan, ka zaɓi wancan, ka jawo na uku, duk a juyi ɗaya. Ni kuwa ka san sabis ɗin Kaura, ina tsakiyar dabara sai ya ɗauke, lokaci ya ƙare, a ba wani nasara yana zaune. In sabis ya yi mini adalci, sai ɗan kamasho ya buga bayan mota ya ce an cika.

Wata rana ina jiran lodi na ce, to ni don wa nake haɗa bandir ɗin nan? Don mutumin da intanet ɗinsa ba ta ko tari? Na rushe shi kaf, na kafa doka: duk katin da ke son dannawa biyu, ya fita. Duk mai shan mai da yawa, ya fita. Na cika shi da ƙananan mayaƙa masu arha, karnukan farauta da maharba, na sa musu suna 'yan acaɓa. Su shigo da gudu, su gama aiki kafin sabis ya farga, kafin mota ta cika. Na gwada shi a tashar Kaura, na gwada a gindin darbejiyar tashar Shinkafi, ina cirewa ina sakawa, har ya zauna daram.

Kati ɗaya ne ya karya dokar. Bashar na Zurmi, wanda muke atisaye da shi, ya dame ni in cire Tirela, wai ta yi wa bandir nauyi. Gaskiyarsa ce. Sau da yawa na kai yatsa kanta, sai in kasa.

To, ga wasan da ya raba gardama, wanda duk ya ci shi sai Abuja. Asabar da rana tsaka, tashar Shinkafi, saura mutum ɗaya mota ta cika. Wanda anka haɗa mu da shi gwani ne, ya lallaɓa har na zuba 'yan acaɓata duka, sannan ya share su da kati guda. Fili fayau, sabis sanda ɗaya, wata Hajiya a kujerar baya tana ta mitar direba ya koma yaro. Na ja kati. Obi, Tirela! Mai ya cika cif. Na danna ta, sai abin nan ya fara juyawa a allo. Na ɗaga waya sama, na hau kan buhun albasar mutane. Can sai na ji rurinta, ta bi ta kansa, wasa ya ƙare.

Ihun da na yi, fasinja sunka zaci wani mugun labari ne ya zo daga hanya, Hajiya har ta fara salati. Sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri, bakina ya ƙi rufuwa.

Da na kama hanya, wajen Badarawa, sai murnar ta koma wani abu daban. Na waiga kujerar gaba in ba ka labari, na ga baƙo. Na yi kewarka, Obi. Tun tafiyarka sunanka ya dushe a jerin abokaina na wasan, kuma ba ranar da ba na leƙawa ko ya yi kore, alamar ka hau layi. Kofin gasar ba shi ne ya hana ni sukuni ba. Tun da na ji Abuja za a yi na ƙarshe na ɗaura ɗamara, don ban da wata hanyar da zan nemo ka.

Ƙarshen wata ina tafe. Ka zo ka tsaya bayana, ko zagayen farko anka fitar da ni ban damu ba. In aiki ya hana ka, ka kunna wasan ko sau ɗaya, in ga koren nan in san kana lafiya.

Allah ya tsare ka inda kake, ya ƙara wa Baba da Mama lafiya, ya kawo mana zaman lafiya a hanyoyinmu har ku dawo ku buɗe shago. Amin.

Naka har kullum,
Nasiru Direba, wanda har yau bai cire Tirelarka ba.