Mai Kaɗe Raɓa

Wara, Laraba 3 ga Yuli

Zuwa ga ƙawata Dorcas,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da abokan gudunki a can Turai. Yaya ƙafar nan ta hagu? Allah ya sa ta daina damun ki da safe. Ni ma lafiya lau nake, sai kewa.

Yau kwana saba'in da huɗu rabon da ki amsa mini saƙo. Na ƙirga sau biyu, daga ashirin ga Afrilu. Shi ya sa na koma rubutu a takarda in ɗauki hotonta in tura miki, ko ganin rubutun hannuna zai sa ki tuna da Uwar Agogo.

Hidimar ƙasa tana tafiya. Lissafi nake koyarwa, ɗakina kuma yana kallon tafki. Jiya da la'asar na tsinci kaina ina auna wani kwale-kwale da agogon gudunmu: minti goma sha ɗaya da sakan shida daga tsakiyar ruwa zuwa gaɓa. Na waiga in faɗa wa wani, ba kowa. Shekara huɗu a jami'a ina tsaye bakin fili da wannan agogo, ki iso kina haki, ko ruwa ba ki sha ba, ki ce, "Nawa?" Tun da kika tafi ba wanda ya ƙara yi mini wannan tambaya.

Na ga sunanki a jerin masu gudun mita dubu ɗaya da ɗari biyar a babbar gasar nan ta duniya da ake yi duk shekara, jibi Juma'a. Na karanta cewa shekara tara ke nan ba macen da ta karya tarihin gasar, minti uku da sakan hamsin da shida da ɗigo takwas.

Ina zuwa ƙauyenku kowace Lahadi ta biyu, kilomita goma sha tara a babur ɗin Ya'u. Mahaifiyarki, Inna Marka, takan cika mini jaka da gyaɗa, ta ba ni labarin duk abin da kika faɗa mata ranar da ta hau dutse ta amsa kiranki, tun da can ne kaɗai waya ke kamawa. Na yi mata alkawarin kawo mata tseren a wayata ranar Lahadi bayan an tashi daga coci. Ta riga ta gaya wa matan zumunta. Zan sauke bidiyon ranar Asabar, amma ba zan kalla ba, ba zan duba sakamako ba. Ina so in yi murna tare da mutane, ko sau ɗaya.

Allah ya ba ki sa'a.

Taki,
Yasira

Wara, Litinin 8 ga Yuli

Ƙawata Dorcas,

Ina gaishe ki, ina fata kin huta gajiya. Zan faɗa miki abin da ya faru yadda ya faru, ba ƙari, don na fi so ki ji daga gare ni.

Mutum arba'in da ɗaya suka taru gindin ɗorawar coci, ban da yara. Na jingina wayar a kan turmi. Inna ta ɗaura sabon zanenta, aka ba ta kujera a gaba. Da aka harba bindiga kika fita gaban kowa, mata suka saki guɗa. Zagaye ɗaya kina gaba. Zagaye biyu kina gaba. Sai kawai kika ratse gefe, kika fita daga layi, kika dafa gwiwoyinki, sauran suka wuce.

Ya'u ne ya fara magana, ya ce, "Malama, ashe a Turai ma ana sauka kafin a kai tasha?" Wasu suka yi dariya. Wata tsohuwa ta ce a gidanku ba a taɓa barin kunyar noma a tsakiya ba, ko da zazzaɓi. Inna ta tashi, ta ɗauki kujerarta da kanta, ta tafi gida. Ni kuma na kashe wayar.

Sai da na dawo ɗaki na sake duba jerin sunayen. Akwai haruffa biyu ƙanana a gefen sunanki. Ni da ba na barin waƙafi ya wuce ni, ban gan su ba, don sunanki kawai nake kallo. Na bincika na gano ma'anarsu: mai ja gaba. An ɗauke ki ne ki ja sauran da gudun da aka ƙayyade, ki tare musu iska har mita ɗari takwas, sannan ki ba su wuri. Ba tsere kika shiga ba, aiki aka sa ki.

Na kuma koma kan saƙon da na tura miki ranar ashirin ga Afrilu. Cewa na yi, sai mun gan ki da zinariya a wuya. Ina jin a makon ne aka ba ki wannan aiki, ko? Kin yi shiru don kada ki faɗa mana, ni kuma na kwashe asirinki na ɗora a kan turmi gaban mutum arba'in da ɗaya.

Ki yafe mini. In ma ba za ki yafe ba, ki rubuto ki faɗa mini haka.

Taki,
Yasira

Wara, Lahadi 21 ga Yuli

Ƙawata,

Gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Na ga alamar kin buɗe wasiƙata ta biyu. Ba komai.

Lahadin da ta wuce na je wa Inna da takarda cike da lissafi. Na yi bayani na minti ashirin. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni ko na ci abinci. A can na ji cewa tun ranar ba ta hau dutse ba, ko da aka ce mata kina kira.

Jiya na koma na kwana. Da sassafe ta ce in raka ta gona. Kin san hanyar, ciyawar damina ta rufe ta har ƙugu. Na so in wuce gaba don girmamawa, ta janyo ni baya, ta ce baƙo ba ya shan raɓa. Ta shiga gaba tana ture ciyawa da jikinta. Da muka isa, zanenta ya jiƙe sharkaf, ni kuwa ko bakin hijabina bai yi laima ba. Ta ce haka take yi muku tun kuna ƙanana, ke da yayyenki.

Tana matse zanen sai ta tsaya, ta ce in kunna mata abin nan, ita kaɗai, har ƙarshe.

A kan kututture muka kalla. Wannan karon ba ke take kallo ba, na bayanki take kallo. Ta sa yatsa a kan wata doguwa, ta ce wannan ai laɓewa take yi a bayan 'yata. Muka bar shi ya ci gaba bayan fitarki. Doguwar ce ta ci, minti uku da sakan hamsin da biyar da ɗigo shida, ta rage wa tsohon tarihi sakan ɗaya da ɗigo biyu. Dorcas, kin san abin da muka rasa ranar da na kashe wayar? Yarinyar nan ba ta ɗauki tutar ƙasarta ba sai da ta ratsa fili ta zo ta rungume ki.

Inna ta ce in mayar da wurin. Sau uku na mayar. Sannan ta ce, "To, raɓa ta kaɗe musu. Shi ne kika yi ta cika ni da lissafi?" Ta tambaya ko an rubuta sunanki tare da na doguwar. Ban iya yi mata ƙarya ba. Na ce a takardar sakamako, gaban sunanki an rubuta ba ta ƙarasa ba, kuma haka zai zauna. Ta ce ita ma ba wanda ya taɓa rubuta nata.

Yau bayan coci ta karɓi wayata ta miƙa wa Ya'u, ta ce ya kalla har tasha tun da shi ya san tasha. Ya kalla, ya cire hularsa ya sosa kai. Daga nan Inna ta kama hanyar dutse. Ban bi ta ba, don ba tawa ce maganar ba. Na dawo Wara ni kaɗai, na tarar da tafki ya yi luf, ba ko jirgi ɗaya da zan auna.

Ki kula da ƙafar nan.

Taki kullum,
Yasira

Wara, Talata 23 ga Yuli

Dorcas,

Ina gaishe ki. Saƙonki ya shigo ƙarfe goma da minti bakwai ina tsakiyar aji. Kalma ɗaya bayan kwana casa'in da huɗu: "Nawa?" Sai da na fita na tsaya bayan ajin na ɗan lokaci kafin in iya ci gaba da darasi.

Kin san na auna, ba sai kin yi shakka ba. Ranar, a gindin ɗorawa, agogon yana cikin hijabina, yatsana a kai. Na sake aunawa sau biyar a ɗaki. Zagaye na farko, sakan sittin da biyu da ɗigo huɗu. Na biyu, sittin da biyu da ɗigo biyar. Duk shekarunmu huɗu ba ki taɓa jera zagaye biyu daidai haka ba. Na rubuta su a tsohon littafinmu, ƙarƙashin na ƙarshen da kika yi a jami'a, da sunanki cikakke.

Yanzu je ki sha ruwa.

Taki,
Uwar Agogo