Tsarabar Ruwan Teku

Babban Duhu,
Ta hannun Malam Armaya'u,
Makarantar Firamare, Safana.
Afrilu, 1974.

Zuwa ga Hamma Sahabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga yayanta, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Adda Kulu da yara. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Allah ya tsare ka daga sharrin injinan kamfanin man nan, ya sa wa nemanka albarka, amin. Mu nan da sauƙi, sai dai farin da ka bari bai sake mu ba. Rijiyar gindin tsamiya ta ƙafe, yanzu sai an tona yashin rafi har iya wuya kafin a kwarfi rabin ƙwarya. Inna tana fama da ƙafarta. Goggo Uwani ta koma Runka wajen ɗanta. Shanu kuwa, in ka ga abin da ya rage a garke sai ka kau da kai. Ungulu ma sun san hanyar rugarmu.

Hamma, ka san ni ba mai baki ba ce, a takarda kaɗai nake iya magana, don haka ka daure ka karanta har ƙarshe. Da aka ba mu hutu, gwamnati ta kai waɗansunmu 'yan makarantar 'yan mata ta Katsina yawon buɗe ido Ikko, har da ni. Jirgin ƙasa muka shiga daga Kano. A can aka zuba mu cikin wata doguwar safa mai kujerun soso, da gilashi tun daga kafaɗa har sama, aka bi da mu gefen teku zuwa wani gari Badagiri. Ni dai na samu taga na manne. Kada ka yi mini dariya, amma a littattafan soyayyar nan na Turawa da muke ɓoyewa ƙarƙashin matashi, komai a bakin teku ake yin sa, nan ake haɗuwa, nan ake rabuwa, sai na riƙa jin kamar wani na tsaye can yana jirana tun tuni. Ba kowa, sai masunta suna jan taru. Amma ƙasar! Bishiyoyin kwakwa jere sun sunkuya, ciyawa kore shar har ta shigo bakin titi, hannun dama tafki, hannun hagu teku, ruwa iyakar ganinka. Yara suna ta waƙa a mota, ni kuwa sai hawaye, don na tuna Baffa yana sassaƙe reshen gawo shanu na rububin ganyen. Malama Fanta da ta raka mu ta zaci amai nake ji, ta miƙo mini lemon tsami.

Da safa ta tsaya aka ce kowa ya sauka ya taɓa ruwa. Kowa na sayen tsaraba, sarƙar wuri da awarwaro. Ni sai na wanke kwalbar lemon da aka raba mana, na cika ta da ruwan tekun, na toshe da tsumma. Na ce abin da gidanmu ba su da shi ke nan, shi zan kai musu su gani. Mai yi mana bayani, wani dattijo Bayarabe da ke jin Hausa, ya gan ni ya yi dariya, ya ce kada dai 'yar Fillo ta sha, wannan ruwa ƙishi yake ƙarawa, dabba ma in ta cika cikinta da shi ba ta tashi.

Ranar da na iso gida aka taru a kaina, har da Kawu Daudu. Na buɗe baki ban san inda maganar ta riƙa fitowa ba. Na ba su labarin ciyawa, da ruwa, da waɗansu 'yan gajerun shanu marasa tozo da na hanga ta taga suna kiwo a bakin tafki, tiɓis da su, ba ko makiyayi. Baffa yana ta murza igiya a cinya. Can ya tambaya ko da idona na ga shanun. Na ce da idona. Ya ce ruwan fa, ba ya janyewa da rani? Na ce ba ya janyewa, amma ba ya shawuwa, gishiri ne zalla, na ɗauko kwalbar don ya tabbatar. Hamma, da na sani da can na tsiyaye ta. Ya ɗanɗana, ya daɗe yana juya harshe. Sai ya tashi ya juye sauran cikin ƙwarya ya kai wa Saye, saniyar nan taka, wadda sai an kama wutsiya take miƙewa. Ta shanye, ta lashe ƙwaryar tas, ta bi hannunsa da lasa. Ya juyo fuskarsa wasai, rabon da in gan shi haka tun kafin fari. Ya ce wa Kawu Daudu, shekara nawa suna wahalar neman kanwa da gishiri wa dabbobin nan, ashe akwai inda Allah ya haɗa ruwa da kanwa wuri guda ya shimfiɗa, ba mai shi.

Na faɗa masa abin da dattijon nan ya ce. Baffa ya ce mutumin birni ne, me ya sani game da saniya, ai ga Saye ta ba da shaida. Da ya fara zancen kai shanu can, Kawu Daudu ya tuna masa ƙudan tsando da ciwon sammore, da mutanen Karare da suka gangara kudu bara suka dawo da sanduna kawai. Baffa ya ce su ba su kai ga ruwan kanwar ba ne, ciwo ya tare su a hanya, kuma in ƙasar tana kashe shanu, waɗanda yarinya ta gani fa? Kawu ya ce muturu ne, jinsinsu daban. Baffa ya ce saniya saniya ce. Na je har Safana na roƙi Malam Armaya'u, ya hawo kekensa ya zo da taswira. Baffa ya shimfiɗa masa buzu, ya saurare shi da girmamawa, sannan ya sa yatsa a kan shuɗin ya ce to ga shi ma Malam ya nuna, ruwan ya fi ƙasar yawa. Inna kuwa ta koma ɗaki tana ta gyara ƙoren da ba nono a ciki.

Baffa ya nemi in gaya masa garuruwan da jirgi ya ratsa da mu. Na ce na manta. Ban taɓa yi masa ƙarya ba, ya kuma gane, ya dube ni kawai ya ce ba komai, zai kama layin dogo daga Funtuwa, ƙarfe ba ya ɓata. Shekaranjiya da hantsi ya kaɗa shanun ya nufi teku. Shi kaɗai, don Kawu ya rantse ba zai bi shi ba. Ko maruƙan da ba sa iya tafiya bai bari ba. Mun raka shi har bayan gonar Badaru. Nan ya tsaya ya yi wa Inna sallama, ya ce in Allah bai sa ya dawo ba, a gaya wa Sahabi ya riƙe gida. Haka ya faɗa, Hamma, sunanka, da bakinsa, kai ɗan farinsa da tun da aka haife ni ban taɓa jin ya ambata ba sai dai wancan na Fatakwal. Inna ta durƙushe a kan kunyar gonar, da ƙyar muka ɗaga ta.

Abin da ya sa na rubuto ke nan. Kai kana zaune bakin ruwan nan, ka san shi, in ka ce masa ka ga dabba ta sha ta mutu wataƙila ya ji. Malam ya ce kowace hanya Baffa ya bi dole ya haye kogin Kwara, kuma mai bin layin dogo a gadar Jabba zai haye. Da irin tafiyar shanun nan zai daɗe bai kai ba, in ma sun kai. Don Allah ka nemi izini wajen aiki, ka hau jirgi, ka riƙa tambaya a zangon shanu tun daga Jabba kana yowa arewa. Hularsa malfa ce mai jan baki, yana ɗingisa ƙafar hagu. Kada ka yi masa faɗa a gaban mutane. In ka tarar shanun sun ƙare, kada ka tsaya lissafinsu, Inna ta ce ta yafe nata. Shi muke so ka kawo.

Inna tana gaishe ka, ta ce ba ta da saƙo sai wannan. Kawu Daudu yana gaisuwa, Goggo Uwani ma ta aiko da tata daga Runka. Ka gaishe mini da Adda Kulu, da Gambo da Salmanu, ka ce su sa kakansu cikin addu'a. Allah ya haɗa ka da shi da rai.

Ni ce ƙanwarka,
Asta.