Na Sa Hannu a Takardar Mutuwarka, Yaya

Assalamu alaikum, Yaya Sule.

Na san ba za ka karanta wannan ba, amma in ba kai ba, wa zan faɗa wa?

Gida lafiya. Inna na nan, sai ciwon ƙafar. Ɗiyarka Hajara ta fara tafiya. Kuɗin mai sun iso mu, an zuba kwalta har bakin iyaka, tankoki sai wucewa suke Maraɗi. Shingen sojan Magama kuwa yana nan, inda suka harbe ka don ka ƙi sauke musu buhun gero daga amalankenka.

Bayan rasuwarka gwamnatin soja ta ce a zaɓi kansiloli. Mutanen garinmu Riko suka tsayar da ni, wai ƙanen mamaci ba zai yi shiru ba. Ni ma haka na zata. Na rubuta takarda ina kiran kyaftin ɗin sojan shingen ya zo gaban majalisa ya yi bayani.

Ya zo, Yaya. Da bindiga a ƙugu ya shigo, duk muka miƙe tsaye, shugabanmu ya ba shi kujerarsa. Ba wanda ya tambaye shi komai. Shi ya ajiye mana takarda, an riga an buga ta da tafireta, wai bindiga ce ta tashi bisa kuskure. Ya tuna mana cewa waɗanda suka kafa majalisar nan suna iya rushe ta kafin la'asar.

Na sa hannu. Ko musu ban yi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Inna ba ta sani ba. Kullum tana tambayata ko maganarka ta kai Kaduna, in ce mata tana hanya. Na so in ajiye kujerar, aka ce sojoji za su ɗauka bore ne, ga shi gonarmu tana bayan shingensu. In na zauna kuma, mutane ne a ƙofar gida suna kawo ƙarar soja, suna zaton ina da abin yi. Duk ranar kasuwa ta gaban wanda ya harbe ka nake wucewa. Ya sara mini, in amsa.

An ce sojoji sun kusa miƙa mulki ga farar hula. In sun miƙa, wa zai iya ce musu su zauna a bariki? Mu da muka miƙe wa kyaftin tsaye?

Ka yafe mini, in ana yafewa daga can. Allah ya haskaka kabarinka.

Ƙanenka da ya kasa,
Lawal