Inna, Idon Rabi Ya Rufu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Tamo. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan kina cikin ni'imar Allah.

Inna, yau shekara da shekaru ina ɗauke da wani laifi. Na gane kin cuce mu, ni da ƙanwata Rabi! Kin tuna ƙailularki ta azahar gindin iccen bedi a gidanmu na Gecheme, farantin ƙuli-ƙuli a gefenki, idanunki manya a buɗe? Mukan yi sanɗa mu saci ƙuli, sai mu ga kina kallonmu, mu ja da baya. Ashe barcinki kike sha, fatar idon ce ba ta iya rufuwa.

Unguwa kuwa ta yanke cewa aljana doguwa ce ke leƙowa ta idonki. Gwaggo Hasi har baƙar akuya ta kawo. Kika ce, "Ku bar ni da doguwarku, ni ƙuli nika saidawa." Kina dariya, kina share hawayen da ba su tsayawa. Ban san zafi kike ji ba, kuma wannan yana damuna har yau.

Yanzu a ɗakin bincike nake aiki. Ciwon maƙoƙo ne, Inna: garkuwar jiki ce ke far wa naman bayan ido, ya kumbura, ya turo idon waje. Ƙwayoyin wannan naman nake kiwo cikin 'yan farantai, ina ba su abinci kowace safiya kamar kajinki. Sai mu ɗiga musu magani, mu ga ko za su lafa. Wani ya yi aiki, wani a banza. Da sauran tafiya.

Bara idon Rabi ya soma fitowa, tana ganin abu bibbiyu. Tsoro ya kama ni ƙwarai, kada ta rasa gani. Gwaggo Hasi ta fara cigiyar akuya, ni kuma na ja Rabi wajen likita. Watanni tana magani, kumburin yana saɓewa a hankali.

Ran Juma'a na sauka gidanta a Dogon Dutsi da azahar. Na tarar tana barci a tabarma, farantin ƙulinta a gefe. Na duƙa na duba. Inna, idanunta a rufe suke ruf!

Na ɗebi ƙuli cike da hannu, ina ci ina kuka. Ba wanda ya gan ni.

Allah Ya ba ki barci mai daɗi, Ya haskaka makwancinki. Amin.

Taki har kullum,
Ɗiyarki Saude, ɓarauniyar ƙuli