Baƙon da Ya Ci Tuwon Ranar Juma'a

Daga ofishin mai girma Kansila, zaɓaɓɓen jama'a, mai mota da direba, zuwa ga Hajiya mai ɗaki na uku a gidan jan ƙofa, bayan masallacin unguwa a Agege. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina cikin rahama a inda kike.

Na san ba ki je Makka ba. Amma tunda soja suka koma bariki, mu ke raba suna a garin nan, kuma na ba ki Hajiya. Ba sai kin shimfiɗa mini tabarma ba.

Dalilin wannan takarda, ɗanki Habu ɗan okada ne ya zo ofishina da wata magana da ta hana shi sakat wata bakwai ke nan, tun ranar da aka kai ki makwanci. Ya ce shi ba zai iya faɗa miki da bakinsa ba.

Kin dai san halinsa. Shi ne ya taɓa yin sallama da muryar liman, kika fito a guje mayafi a karkace. Ranar kin ce masa, "Wata rana bakin nan naka zai kira abin da ba ka iya sallama ba."

Kin tuna kaset ɗin da ya kawo miki wata Talata, ya ce direban tirelar tumatir ne ya ba shi a kasuwar Mile 12, saƙo daga ƙaninki Kawu Sule na ƙauye, can gefen Funtua? Hajiya, babu wani direba. Rikodar mai shayi ya ara, ya shige cikin wata matacciyar motar haya ta danfo, ya toshe hanci ɗaya, ya yi muryar Kawu wadda ya haddace daga tsofaffin kaset ɗin da kike ajiyewa a ƙarƙashin gado. Har da ɗan tarin nan da Kawu ke yi kafin ya ce "Yaya". Da muryar Kawun ya ce yana nan tafe ranar Juma'a. Shekara goma sha biyu rabonku da juna.

Niyyarsa ki yi murna kaɗan, ya fashe da dariya, ki bi shi da muciya kamar kullum. Sai kika saurara sau uku. A na ukun kika rufe fuska da gefen zane. Nan ya kasa faɗa miki wasa ne.

Laraba kika sa shi ya fitar da komai tsakar gida. Aka shafe bango da ragowar shuɗin fentin Iya Basira, maƙwabciyarki Bayarabiya. Kika sauke kwanukan jerenki duka, kika goge su da toka, kika mayar da su bisa kabad, manya a ƙasa, masu jan fure a gaba. Labulen da kike ɓoyo don Sallah ya hau ƙofa. Ciwon gwiwar da kike kuka da shi, ranar ba a ji labarinsa ba. Kina aiki kina waƙa a hanci.

Alhamis kika surfa dawa da hannunki. Kin ce tuwon masara na mutanen Ikko ne, Sule ba zai ci ba.

Juma'a tun hantsi gidan ya cika da ƙanshin miyar kuka da man shanu. Kika ɗanɗana, kika ce komai ya yi, daddawar ce kawai ba ta da rai, ta gida ita ce daddawa. Kika malmala tuwon a kwano mai jan fure wanda ba a taɓa cin abinci a cikinsa ba, kika rufe da faifai. Na kasa tsayawa, na gudu masallaci. Wato Habu ya gudu. Bai dawo ba sai bayan la'asar.

Hajiya, wannan "ya yi, ya ce" ta gajiyar da ni. Bari in rubuta sauran yadda ya fito daga bakinsa.

Na shigo da niyyar durƙusawa in faɗi gaskiya. Sai na tarar da kwanon a wanke, a kife. Tabarmar baƙi a shimfiɗe, buta a gefenta, ruwan ya yi rabi. Kina zaune bakin gado, fuskarki a sake. Kika ce, "Ka makara, kawunka ya zo ya tafi. Ya ce ba zai kwana ba, tafiyar tasa da nisa."

Na ce a raina tsohuwar nan ta gano ni, ramawa take yi. Na yi ta kallon gefen bakinki ina jiran ya motsa. Bai motsa ba. Sai kika nuna mini tsarabar da ya kawo: ƙulli a tsohon shuɗin ƙyalle, an ɗaure da jan zare, da curin daddawa bakwai a ciki. Warinta ya bambanta da duk wadda na taɓa shinshina a Ikko.

Na fita na sami Iya Basira tana wanki. Ta ce, "Habu, baƙo naku dogo ne o, kuma ba ya amsa gaisuwa." Ta ce bayansa kawai ta gani lokacin da maza suka tafi masallaci. Ta ji kina ta hira kina dariya, amma muryarki kaɗai take ji, in ban da tari guda. Ta kuma ce abin da ya ba ta mamaki, ta wuce ta ƙofarmu sau biyu, babu takalmin kowa a bakin labule sai naki.

Asabar sau biyu ina buɗe baki. Na farko kika ce in bari ki gama tsince wake. Na biyu kika ce, "Kai dai ka ci abinci." Lahadi bayan azahar kika ce za ki ɗan kishingiɗa. Ba ki tashi ba, Inna.

Ƙauyen ba waya, dole wani ya kai labari. Na hau bayan tirelar da ta sauke kaya za ta koma arewa, ni da a Agege aka haife ni, ban taɓa wuce Ibadan ba. Kunya nake ji in faɗa miki, amma na ji daɗin hanyar nan. A gadar Jebba na miƙe tsaye na ga ruwan da kike ba ni labari, kwale-kwale a kansa kamar ɓawon gyaɗa. Bayan Mokwa itatuwa suka fara gajarta, sama ta buɗe. Na sha fura a ƙwarya a bakin titi. Kowa Hausa yake yi, har ɗan sanda. Duk abin da na gani sai in juya in nuna miki, sai in ga kwandunan tumatir ne babu kowa.

Na isa na tarar da maza a kan tabarmi a ƙofar gidan Kawu. Sadakar bakwai ake yi. Ranar Juma'ar da kika yi masa tuwo ya rasu, da hantsi, kafin a tafi masallaci.

Matarsa ta ba ni ruwa, muka yi wa juna ta'aziyya. Ta ce kwana uku kafin ya cika, yana kwance ba ya iya tashi, ba abin da yake faɗa sai, "Yaya tana jirana, an ce mata ina zuwa." Suka ɗauka zafin ciwo ne. Ta ce har ta ƙulla miki daddawa a shuɗin ƙyalle da jan zare, za ta ba direbobi, amma bayan jana'iza ta nema sama da ƙasa ba ta gani ba. Ƙullin yana Agege, a cikin kwano na biyu daga sama.

Da na dawo na kai maganar wa Malam na makarantarmu ta allo. Ya ce mamaci ba ya tafiya, wataƙila wani direba ne ya kawo. Ya ce in bar abin da ban gani ba, in yi istigfari, in yi miki addu'a. Na karɓa, ina kuma yi. Direban dai har yau ban same shi ba, kuma na tambaya a Mile 12 har sun gaji da ni.

Ɗakin yana nan yadda kika bar shi. Ina goge jeren duk Laraba. Na koyi tuƙa tuwo, ko da yake Iya Basira ta ce gudajinsa za su iya fasa gilashin danfo. Duk Juma'a nakan yi miyar kuka in kira 'yan ci-rani biyu ko uku daga bakin masallaci, mu ci a tabarmar nan. In rana ta bugi shuɗin bangon ta faɗa kan kwanukan, ɗakin yakan yi kyau har in manta abin da ya sa aka gyara shi. Sai in gode wa Allah da ya nuna mini ke cikin farin ciki kwana uku cur, ko da ta hanyar da ba ta dace ba ce. Daddawar ban ji tsoronta ba, da ita nake miya. Saura curi ɗaya, kuma yau zai shiga tukunya. Shi ya sa nake so ki ji kafin ya ƙare.

A gidanmu ko unguwar Ojota nan kusa za ki je sai kin ce mu yafi juna. Wannan tafiyar kin yi ta ban roƙe ki ba. Ban sani ba ko kin gane muryar tun a sauraro na farko kika rufa mini asiri, ko kin tafi ba ki sani ba. Ko wanne ne, ni na yi kaset ɗin. Ki yafe mini.

Allah ya jiƙan ki, ya jiƙan Kawu Sule, ya haskaka makwancinku, ya sa kun huta. Allah ya shirya mini bakin nan nawa, ya haɗa mu a inda ba a sake rabuwa. Amin.

Inna, babu Kansila, babu ofis, babu mota. Ko ƙofar ofishinsa ban sani ba. Na ari sunansa ne don ban iya tunkarar ki da nawa ba.

Ni ne, ɗanki Habu.