Allurar Baba a Cikin Firiza

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Yaya maigida da yara? Da fatan kuna lafiya. Mu nan gida sai godiya, amma ni hankalina ba a kwance yake ba.

Firizar da kika aiko mana ta cika maƙil da naman layya, har murfin ya ƙi rufuwa. Ran Laraba na kwashe komai, na yayyanka naman, na ƙulla a leda daidai miya ɗaya-ɗaya, na danne su suka baje, na jera su kamar bulo. Wuri ya samu sosai. Ganin haka sai na ɗauko allurar ciwon sugan Baba daga tukunyar ƙasar da muke ajiye ta, na cusa a tsakanin naman, a tunanina can ta fi samun sanyi.

Yaya, ta daskare. Na bari ta narke, na ci gaba da yi masa har kwana huɗu. Yanzu ruwa yake ta sha ba ya ƙoshi, jiya kuma a zaune ya yi sallar la'asar. Malamin asibitin garinmu ya ce in ta daskare ta mutu, mu kai Baba babban asibitin Bici yau. Mota muke jira.

Na kasa gaya wa Baba abin da na yi. Ɗazu ma ya buɗe firizar, ya ga yadda na shirya ta, yana ta sa mini albarka.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa da kowa. Don Allah ki kira ni kafin ki kira shi.

Ƙanwarki,
Rabi